Bidin Gadaka da Bakin Maigidana

Maigidana, Allah ya jiƙansa, fataucin fata da ƙirgi ya yi duk rayuwarsa, kuma a kan wannan sana'a ba mai ja da shi a kasuwar Potiskum. In ya ɗaga fatar akuya ya haska ta a rana, ya shafa ta da babban yatsa, sai ya gaya maka ko gwani ne ya feɗe ta ko ɗan koyo, da ko a inuwa aka shanya ta ko a rana. Amma a kan doki Allah bai ba shi ido ba ko kaɗan. Ga shi kuwa da son dawaki kamar me. Bai taɓa mallakar ko ƙuru ba, amma in ya ji haniniya a waje yana cikin cin tuwo, sai ya ajiye loma ya leƙa.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan sojojinmu sun dawo daga yaƙi. Kowace shekara in an gama girbi, hukumar En'e da Di'o, Baturen mulki, sukan shirya sukuwa a wani fili da ke bayan gari. Masu dawaki su zo daga Fika, daga Damagum, daga Gadaka, har da ƙauyukan da ban san sunansu ba. Tun da sauran makonni maza ba su da hira sai ta wane doki ne zai ci. Maigidana yana da majalisa a rumfar wani tela a bakin kasuwa, inda shi da abokansa suke zama bayan la'asar. An ce akawuna da Turawa sukan sa kuɗi a kan dawaki, amma 'yan rumfar nan ba sa caca. Kowa dai ya faɗi dokin da ya zaɓa a gaban jama'a, shi ke nan. Wanda ya dace, shekara guda in ya buɗe baki ana saurarensa. Wanda ya kuskure kuwa ya shiga uku da tsokana har wata kaka.

Maigidana bai taɓa dacewa ba. Kuma kuskurensa ba irin na kowa ba ne. Wata shekara dokin da ya zaɓa ya kayar da mahayinsa tun kafin a tashi. Wata shekara kuma wanda ya yaba ana sakin su sai ya juya ya miƙe gari, bai tsaya ba sai a turkensa. Daga nan magana ta bazu cewa bakin mai fata ba shi da kyau a kan doki. Har ta kai in masu dawaki suka hango shi yana zuwa kallon kilisa, sai su ce masa cikin raha ya yi wa Allah ya kalla da ido kawai, kada ya yaba. Yakan dawo gida ya ba ni labari yana dariya, amma dariyar ba ta daɗewa. In ya gama sai ya koma kaɗa carbi.

Abin da bai sani ba shi ne, matar da ya aura a gindin turke ta girma. Babana mutumin Barno ne, dillalin dawaki, yana kawo su daga gabas ya sayar a nan. Yana da wata ɗabi'a, in yana duba doki sai ya riƙa magana a fili da Barbarci, kamar mai karatu: ga ƙirji, ga hanci, ga inda ƙafar nan ta taɓa ciwo. Ni ce babbar 'yarsa, kullum ina kusa, abin da yake faɗa kuwa yana shiga kunnena. Ya rasu kafin a yi aurena. Da na zo gidan miji ba wanda ya tambaye ni doki, ni kuma ina amarya ina zan fara. Haka na yi shekaru ina jin zaɓin maigidana, tun kafin ya rufe baki na san ya sake faɗawa rami, ina haɗiye maganata.

Gidanmu a unguwar Bolewa yake, a bakin hanyar da ake bi da dawaki zuwa kilisa da safe. Madafina a jikin zanan da ya raba mu da hanya yake, kuma akwai wata kafa a zanan da ban taɓa cewa a gyara ba. Ina dama koko ina kallonsu suna wucewa. Tafiyarsu ba ta dame ni ba, don kowane doki kyakkyawa ne in ya fito daga gida a ƙoshe. Dawowarsu nake jira. A nan ake ganin wanda cikinsa ke bugawa kamar zugazugi, da wanda ya sunkuyar da kai, da wanda ya dawo yana neman a ƙara.

Shekarar da nake ba da labari, maigidana ya shigo da wata yamma fuskarsa a sake, ya ce bana kam ba yadda za a yi ya kuskure. Yayansa, wanda duk gidan muke kira Yaya, babban ɗan kasuwar gyaɗa ne, yana da wani akawal, baƙi wuluk, ingarma, wanda ya ci babban tsere bara. Duk rumfar tela shi suka zaɓa. Maigidana ya ce shi ma bana zai bi jama'a, in an faɗi a faɗi tare. Cikin hirar ne ya ambata cewa Di'o ya canja tsari: babban tseren bana zagaye biyu za a yi maimakon ɗaya, kuma an tura iyakar filin har can wajen wata tsohuwar kuka.

Ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba na ce, "Malam, in tseren bara ne za a sake, dokin Yaya zai ci. Na bana ba nasa ba ne."

Ya yi dariya sosai, ya ce ashe ciwon nasa har ya kama mutanen gida. Na bar shi ya gama. Sannan na tambaye shi ko ya tuna wanda ya zo na biyu bara, da na uku. Ya ce na biyu wani jan doki ne daga Damagum. Na ukun kuwa ya tuna shi ne saboda dariyar da aka yi: wani bidi ne, toka-toka, siriri, na wani manomi daga Gadaka. Ya ce an gama tsere kowa ya ja linzami, shi wannan ya ƙi tsayawa, ya wuce da mahayinsa ya kutsa cikin karan dawa, sai da aka bi su. Na tambaye shi a ina bidin yake lokacin da aka yi rabin fili. Ya yi tunani ya ce can baya yake, kusan na ƙarshe.

Na ce, "To ka gani. Daga na ƙarshe ya zo na uku, kuma da aka ce an gama shi bai gama ba. Lokacin da akawal ya ƙare gudunsa, shi wannan yanzu ya fara. Bana an ƙara masa filin da ya rasa bara."

Sai ya tambaye ni a ina na san wannan, na ba shi labarin Baba. Ya san sana'ar surukinsa mana, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa 'ya mace ta kwashi wani abu ba. Na kuma gaya masa abin da nake gani ta kafar zana. Akawal ɗin Yaya ya yi ƙiba tun da ya ci bara, ana ta ɗura masa gero da dusa saboda so. In ya dawo kilisa gumin wuyansa fari ne, kumfa-kumfa kamar sabulu, kuma har ya wuce gidanmu ina jin hakinsa. Doki mai shiri guminsa kamar ruwa yake, ya tsiyaye ya bushe.

Ban yarda mu tsaya a kan abin da na hango daga madafi ba. Na ce akwai abubuwan da ni ba zan iya gani ba, sai shi. Ya je ya taka filin da ƙafarsa, musamman wajen kukar nan. Ya binciko wa zai hau kowane doki. In bidin ya iso gari, ya duba mini kofatonsa, faɗi ne da shi ko tsukakke. Washegari ya rufe rumfar fatarsa da wuri ya tafi. Ya dawo yana kakkaɓe yashi daga takalmi, ya ce wajen kukar rairayi ne, ƙafa tana nutsewa har idon sawu. Amma ya lura da wani abu da ban aike shi ba. Ya ce in aka yi nesa da kukar, ta gefen waje, ƙasar ta fi tauri, don tsohuwar hanyar shanu ce, an tattake ta. Ya durƙusa ya shafa da hannu kamar yadda yake shafa fata. Hanyar ta fi tsawo kaɗan, amma doki ba zai nutse ba. Na ce masa wannan da ya gano ya fi duk abin da na faɗa amfani, kuma ba don in faranta masa na faɗa ba.

Game da mahaya, ya ce baran Yaya ne zai hau akawal, wani ƙato mai faɗin kafaɗa, kuma Yaya ya sa an ɗinka sabon sirdi mai ado don ranar. Bidin kuwa ƙanen mai shi ne ke hawansa, magidanci ne amma ɗan firit, kuma a kan dokin nan yake zuwa kasuwar Potiskum daga Gadaka ya koma. Da bidin ya iso gari aka sauke shi a gidan wani a unguwarmu, na gan shi da idona. Ba shi da kyan gani. Haƙarƙarinsa a waje, wutsiyarsa ba yawa, wuyansa dogo kamar na raƙumi. Amma ƙirjinsa zurfi gare shi, hancinsa a buɗe, kofatonsa faffaɗa, kuma da ya dawo kilisa ya zo daidai zanana sai ya tsaya yana fisgar ciyawar bakin hanya, kamar ba inda ya je. Na ji raina ya kwanta.

Akwai kuma ƙaramin tsere, na gajeren zango, da ake yi kafin babban. Maigidana ya matsa in zaɓa masa a nan ma. Na ce jan dokin Damagum, tunda ya zo na biyu bara kuma an ce a ƙaramin za a sa shi bana. Na gaya masa a kan wannan ban da tabbas, don ba ta hanyarmu ake bi da shi ba, ban taɓa ganin dawowarsa ba.

Ya je rumfar tela ya faɗi zaɓinsa: bidin a babban tsere, jan dokin a ƙarami. Ya ce mini sai da tela ya ajiye almakashi don dariya. Wani ya ce ai mai fata ya hango fatar dokin ne, yana lissafin ranar da za ta zo hannunsa. Na yi zaton Yaya zai ji haushi ƙanensa ya bar dokin gida ya zaɓi na baƙo. Ashe murna ya yi. Har goro ya aiko, da saƙon cewa ya gode da aka ɗauke baki daga kan akawal.

Wanda bai yi murna ba shi ne mai bidin. Da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidanmu, maigidana ya shigar da shi zaure. Bangon zauren a jikin ɗakina yake, ina jin komai. Dattijo ne mai sanyin murya, Hausarsa da nauyin harshen mutanen Fika. Bayan doguwar gaisuwa ya ce an gaya masa labarin bakin Malam, shi kuwa talaka ne, dokin nan shi ke nan gare shi. Ba ya neman ya ci, yana dai so ya koma Gadaka da ƙafafunsa huɗu lafiya.

Ya ce, "Don girman Allah, Malam, ka koma rumfar nan ka ce ka fasa. Ka zaɓi wani. Akwai dawakin masu hali da yawa."

Maigidana ya ce wa baƙon yana zuwa, ya shigo cikin gida. Fuskarsa ta canja. Ya ce mini tsokanar abokai daban, amma dattijo ya tako har gida yana roƙo, in wani abu ya sami dokin nan ina zai sa kansa. Doki dabba ne, yana iya tuntuɓe, yana iya kwana da ciwon ciki, ba wanda ya isa ya rantse a kansa. Amma na san abin da na gani. Na ce kada ya janye, ya koma ya gaya wa dattijon abu biyu: ƙanensa ya riƙe dokin a zagayen farko, kome nisan da akawal ya yi kada ya bi shi, kuma a wajen kuka ya bar wa sauran rairayi ya bi ta waje.

Ya koma ya faɗa, har ya zana masa filin a ƙasa da yatsa. Dattijon ya saurara, ya ce wannan magana ba ta yi kama da abin da aka gaya masa game da Malam ba, wa ya koya masa? Maigidana ya ce yana da wani malami da ba ya son a ambace shi. Dattijon ya tashi ba tare da ya sami abin da ya zo nema ba. Ya ce zai gaya wa ƙanensa, sauran kuma Allah ya kiyaye.

Ban sa rai zan ga tseren ba, don ba na fita sai da dalili. Surukata, wadda muke kira Iya, tana zaune tare da mu, kuma ashe duk abin da ake ciki tana ji. Iya 'yar ƙabilar Bolewa ce, ta koyi Hausa da girma, ba ruwanta da bambanta namiji da mace a magana. Da safiyar ranar ta leƙo ɗakina ta ce in ɗauki mayafi, za mu je gaida wata ƙawarta da ba ta da lafiya. Ta gaya wa ɗanta haka, shi kuma ya ce a gaishe ta, yana kallon gefe. Da muka isa na tarar da ƙawar tana daka, lafiyarta ƙalau. Gidanta shi ne na ƙarshe a bakin gari, katangarsa tana kallon filin sukuwa ta wajen kuka.

Aka kifa mini turmi na hau, Iya da ƙawarta suka hau kan wani tudun ƙasa a gindin rumbu. Daga nan ina ganin kukar da rairayin sosai, kamar in miƙa hannu. Amma inda ake tashi da inda ake ƙarewa, da rumfar da manya da Turawa suke zaune, sun yi nisa, sai dai taron mutane da fararen riguna.

Ƙaramin tsere bai zo ta wajenmu ba. Mun dai ji ihu, sannan matan da ke sayar da fura a bakin fili suka kawo labari. Jan dokin Damagum ya yi gardama wajen tashi, kafin ya miƙe an bar shi, bai ko shiga cikin na gaba ba. Ba kaina na tuna ba, maigidana na tuna, yana tsaye a tsakiyar abokansa. Daga baya ya gaya mini cewa tela ya ɗaga murya ya ce an gama da na Damagum, saura na Gadaka. Ya ce ya hango dattijon can gefe yana riƙe da linzamin bidi, dattijon ya juyo ya dube shi. Ya ce da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige.

Sai aka saki manyan. Da suka taho wajen kuka a zagayen farko, akawal ne a gaba, ya ba sauran rata mai yawa. Gaskiya doki ne. Sabon sirdin yana walƙiya, ƙaton mahayin yana ta kaɗa bulala a sama don jama'a su gani. Ya faɗa rairayin ya keta shi da ƙarfin tsiya, yashi na tashi. Sauran suka biyo sawunsa, kowa na matsawa jikin kuka don ya rage hanya. Bidin yana can baya, mahayinsa ya ja linzami har dokin na girgiza kai yana neman ƙwacewa. Da suka iso sai ya karkata shi waje, ya yi nesa da kowa, shi kaɗai a kan tsohuwar hanyar shanu.

Iya ta ce, "'Yar nan, dokinki ta ɓata hanya."

Na ce, "Bai ɓata ba, Iya. Hanyar da ɗanki ya nuna masa ce."

Suka wuce, suka yi can nesa, muka koma sauraron hayaniya. Ban san lokacin da na cusa bakin mayafina a baki ina tauna ba. Da suka sake bayyana, akawal ne har yanzu a gaba, amma tun daga nesa na san an gama. Kansa yana sama yana ƙasa, wuyansa ya yi fari fat da kumfa, kuma bulalar da ɗazu ake kaɗawa a iska yanzu a jikinsa take sauka. Bidin ya wuce na baya duka, saura biyu a gabansa. Akawal ya shiga rairayi karo na biyu, sai na ga ƙafafunsa na baya suna nutsewa suna fitowa da ƙyar. A daidai nan ɗan siririn mahayin ya saki linzami, ya kwanta a wuyan dokinsa. Bidin ya miƙe ta waje, dogon wuyan nan ya tafi gaba, kofatonsa na buga ƙasa mai tauri har ina jin ƙararsa daga kan turmi. Ya wuce na biyu kamar a tsaye yake. Ya jera da akawal, su biyu, kuka a tsakaninsu da mu. Da suka fito ta ɗaya gefen, toka-tokan ne a gaba.

An ce na yi magana da Barbarci da ƙarfi, ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne Iya ta rangaɗa guɗa, tsohuwar da ke cewa ƙirjinta ba ya son hayaniya. Ƙawarta ta tuna mata cewa dokin babban ɗanta ne fa aka wuce. Iya ta ce duka biyun ita ta haife su, babban ya ci bara, kuma ya daɗe yana ci.

Ban ga ƙarshen ba. Na dai ji filin ya ɗauka gaba ɗaya, irin ƙarar da ba a yi wa dokin da kowa ya san zai ci. Na sauko daga turmin, na zauna a ƙasa. Masu fura suka zo suka tabbatar: bidin Gadaka ne, da rata mai yawa, akawal ya zo na uku da ƙyar.

Mun riga maigidana komawa gida. Bayan la'asar muka ji hayaniya ta nufo ƙofarmu. 'Yan rumfar tela ne suka rako shi, har da waɗanda ba 'yan rumfar ba. Ya shigo ba hula, rigarsa ta yage a kafaɗa, don an ce ɗaga shi suka yi sama. Tela da kansa ya ce daga yau in mai fata zai yi magana a kan doki kowa ya yi shiru. Da suka watse ya zo har madafi, inda bai saba zuwa ba, ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna. Ya buɗe baki zai ba ni labari, sai dariya ta kama shi, idanunsa suka kawo ruwa. Na ce ya bari, na ga wajen kuka, shi ya ba ni na ƙarshen. Ya ba ni, na sa ya sake, ya sake. Tuwon ranar ya kama, ba wanda ya yi ƙorafi.

Washegari dattijon ya zo sallama zai koma Gadaka, da bidin, da zabi biyu a hannu. Ya ce ɗaya na Malam ne, ɗaya na malamin Malam, kuma yana so ya gaishe shi ko daga nesa. Maigidana ya shigo ya tambaye ni ko ya faɗa. Na ce wannan shi ya sani, sunansa ne ya tashi a gari, ban ga abin da zai sa ya rage shi ba. Ya koma zaure, ina ji ya ce, "Baba, malamin nan mai ɗakina ce. 'Yar dillalin dawaki ce. Ni ƙasa kawai na duba."

Dattijon ya ce to a ba shi izini ya shigo da dokin ta gan shi da kyau. Aka buɗe zana ta baya aka shigo da shi tsakar gida. Na lulluɓa na fito, muka gaisa. Na shafa wuyan dokin, na bi ƙafafunsa da hannu ɗaya bayan ɗaya. A ƙafar gaba ta hagu, bayan ƙwauri, na ji ɗumi kaɗan. Na ce kada a hau shi zuwa gida, a ja shi a hankali, a riƙa zuba wa wurin ruwan sanyi, a bar shi ya huta har ɗumin ya tafi. Dattijon ya taɓa wurin da kansa, ya gyaɗa kai. Haka suka fita, shi da ƙanensa a ƙasa, dokin na biye da su.

Yaya kam ya ɗauke ƙafa daga gidanmu na wani lokaci. Ko gaida Iya sai dai ya aiko. Ba rashin cin ne ya fi ƙona masa rai ba, ji da ya yi cewa a gidan ƙanensa aka tsara yadda za a wuce dokinsa. Iya ta ce a ƙyale shi, tun yana yaro haka yake, zai sauko.

Ya sauko kuwa. Wata safiya na ji muryarsa a zaure. Tsakanina da Yaya akwai kunya, ba ma doguwar magana, gaisuwa ma daga nesa ce. Suka gama gaisawa da ƙanensa, suka taɓa hirar farashin gyaɗa, sannan ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata tsakanin mutum biyu da ke kan tabarma ɗaya.

Ya ce, "Ka tambayar mini mutanen gidanka, akawal ɗin nan sayar da shi zan yi ko kuwa?"

Maigidana ya taso zai shigo, na matsa jikin bango na amsa yadda Yaya zai ji, amma da ƙanen nake magana. Na ce a gaya wa Yaya kada ya sayar, dokinsa ba shi da na biyu a gajeren zango. A rage masa gero, a ƙara masa harawa da tafiya, a nemo mahayi marar nauyi, a ajiye sirdin ado sai ranar salla, kuma a sa shi a ƙaramin tsere. Yaya ya yi gyaran murya ya ce ƙaramin tsere ai na yara ne. Maigidana ya ce masa ai ko a ƙaramin, wanda ya zo na fari shi ake kira gaban rumfar manya. Suka daɗe suna ja, ni na koma kan aikina. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a tambaya masa, geron kamar yaya za a rage.